Gurbin da Mudathir Ya Bari a Cikin Baiti

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Na sha rubuta wannan magana a kan mutane da dama ban san nauyinta ba, sai ranar Laraba, shida ga watan Agusta na shekarar 2025, da hantsi, sa'ad da Modibbo ya kira ni ya ce ƙaninsa Mudathir ya cika. Ina tsaye a bakin titin Wunti ina jiran keke, hadari ya haɗo daga gabas, masu kayan miya suna ta rufe tumatir da buhuna. Na tambaye shi wane Mudathir ɗin, alhali Mudathir ɗaya muka sani ni da shi. Ya ce zazzaɓin nan da aka raina ne ya zarce, a zo Miri, za a yi jana'iza bayan azahar. Kekuna suka yi ta tsayawa a gabana suna wucewa, har ruwa ya sauko ya same ni a inda nake.

Mudathir, aminina tun muna ɗalibai, malamin dabbobi, mutumin da ya fi kowa ƙarancin magana a cikinmu, tun da muka kai ka makwancinka ban iya zama wuri guda ba. In na zauna a gida sai in ji kamar ana jirana a Miri. In na je Miri sai in ga ba ni da abin faɗa, in dawo. Rashinka ne, babu shakka. Amma akwai wani abu kuma. 'Yarka Mas'uda ta ɗora mini aikin tattara waƙoƙin da ka yi da ƙuruciya, a buga su da sunanka, kuma ta roƙe ni in cike gurbin da ka bari a cikinsu, in rubuta sunan mahaifiyarta a inda ka ƙi rubutawa. Yayanka Modibbo ya ce kada in kuskura. Ka bar ni tsakanin 'yarka da yayanka, kai kuwa da za ka raba gardamar da kalma ɗaya ka yi shiru irin wanda ba a tayarwa.

Kafin in zo kan wannan, bari in faɗi abin da mutane suka shaide ka da shi, domin mafi yawan waɗanda suka cika ƙofar gidanku ba su san ka taɓa haɗa baiti ba. Sun san mutumin da ake kira daga ruga mai nisa cikin tsakiyar damina, ya hau babur ya ratsa taɓo, bai tambayi wa zai sa masa mai ba. Wani dattijo ya zo gaisuwa a ƙafa, sandarsa a kafaɗa, ya ce saniyarsa ta taɓa kasa haihuwa, ka tuɓe rigarka ka durƙusa cikin kashin shanu tun da hantsi har rana ta karkata, ka fito da maraƙi da rai. Ya ce da ya miƙa maka zakara ka karɓa don kada ya ji kunya, ka bai wa jikarsa a bakin hanya. Ƙwaryar nonon da ake ɗaura maka a bayan babur ba ta isa gida a cike, domin kowace ƙofa a layinku tana da rabo a ciki. Marayun ƙanwarka a ɗakinka suka girma, har wasunsu ba su san cewa ba kai ka haife su ba sai a zaman makokinka. Wannan shi ne Mudathir na jama'a, Allah Ya sa ya tarar da shi a mizani.

Ni kuwa akwai wani Mudathir da na sani, saurayi siriri mai dogon wuya, a shekararmu ta ƙarshe a sakandare. Wandonka na makaranta ya yage, ka kai wa wani tela a Wunti, ka tarar da 'yar telan ta kawo wa mahaifinta abinci. Daga ranar babu tufar da ta rage lafiya a gidanku. Ka kai rigarka, ka kai ta Modibbo, ka kai hular da babu abin da ya same ta, har tsohon ya ɗago kai daga kan kekensa ya tambaye ka ko ku mutanen Miri a kan ƙaya kuke kwana. Ka sunkuyar da kai ka ce iska ce ke yi muku ɓarna a kan igiya.

Da manya suka shiga maganar aka ba ka izinin zance, ni ne ɗan rakiya. Ban taɓa ganin zance irin naka ba. Za a shimfiɗa mana tabarma a zaure da yamma, ta fito ta gaishe mu, ka amsa, shi ke nan ka gama. Ni zan tambayi lafiyar mutanen gida, ni zan yaba ruwan da aka kawo, ni zan ba da labarin makaranta, kai kana zana ƙasa da tsinke. A hanyar komawa kuwa bakinka ba ya rufuwa. Duk abin da ka kasa faɗa a zaure sai ya zubo a kan titi, har wata rana na ce maka tun da harshenka ba ya aiki sai ta ba da baya, ka rubuta mana. Ban san na buɗe wata ƙofa ba. Mako bai zagayo ba ka miƙo mini takarda, ka ce ni zan karanta mata:

Na bi ta Wunti ban tsaya ba,
Masu kira ban waiwaya ba,
Ya ……, ke na nufa,
Ko da ƙofa ba ki buɗe ba.

Na nuna maka wurin da ka bari fari.

"A nan me zan ce?"

"Tsallake."

"Baitin zai karye."

"To, ja numfashi."

Wanda bai san gidanku ba zai ce wauta ce. A gidanku, kamar gidajen Fulani da yawa da suka zauna a gari ba su bar al'adar daji ba, namiji ba ya kama sunan matarsa ta fari. Mahaifinka bai taɓa kiran mahaifiyarka da suna ba har ya koma ga Allah, Modibbo ma haka yake har gobe. Kai kuwa ka riga ka ɗauke ta matarka tun ranar da ka ga ta ajiye kwano a gaban keken ɗinki, don haka kunyar ta riga auren zuwa. Bakinka ya ƙi, alƙalaminka ma ya ƙi.

Haka na riƙa karanta mata, in na iso gurbin sai in yi ɗan tari in wuce. Ta haƙura sau da yawa, ran nan ta rufe baki da gyale tana dariya ta ce, "Nasiru, kullum a wuri ɗaya tarin nan yake kama ka? A kawo maka citta?" Kai kuwa ka kusa nutsewa cikin tabarma.

Waƙoƙin suka yi ta zuwa kamar an fasa tulu. Ka yi wa hanyar Miri waƙa, ka yi wa zaren da ya maƙale a gyalenta waƙa, ka yi wa ranar da aka ce ta tafi biki ba mu same ta ba. Mutumin da malamin Hausa bai taɓa jin muryarsa a aji ba, sai ga shi yana auna kalma da yatsa a kan benci, yana tashina daga karatu don in ji ko layi ya zauna. Ba littafi ne ya koya maka ba, ba kuma gasa ce ta sa ka ba. Yarinya ce mai ɗauke da kwano, da harshen da ya ƙi motsi a gabanta. Wadda na fi so ita ce wadda ka yi da damina, da aka yi kwanaki ba ta fito ba:

Damina ta sauka a Miri,
Dawa ta miƙe ta yi jeri,
Ya ……, ni kaɗai ne
Gonar da ruwa ke wa jinkiri.

Rubutun hannunka kamar tafiyar kiyashi yake, don haka muka kai wa Matthias, ɗan ajinmu wanda kawunsa ke da shagon buga takardu a Wunti. Matthias ya buga a tafireta, ya bar gurbin kamar yadda ya gan shi, ya kuma sa takardar kabon ya ajiye wa kansa kwafi. Daga nan zance ya fita hannunmu. Samarin Wunti suka gano cewa ga waƙa an bar mata ƙofa a buɗe, kowa ya shigar da sunan budurwarsa. Hauwa'u ta shiga daidai, Anita ta shiga daidai. Kafin mu gama makaranta babu zauren da ba a karanta baitinka ba, kowane saurayi yana dafa ƙirji yana cewa daren jiya ya haɗa shi. Na zo maka da fushi na ce ana sace ka da rana tsaka. Ka ce ai ba su ɗauki komai ba, abin da yake naka yana nan a inda ba ka rubuta ba.

Matthias kaɗai abin ya ƙi. Yarinyar da yake so sunanta Nkemdirim, ya gwada ta gaba, ya gwada ta baya, baitin ya ƙi ɗauka. Ya zo ya same ka ya ce, "Mudathir, wannan rami naka ya yi ƙarami, nawa ba ya shiga." Ka zauna a kan bencin shagon kana maimaita sunan kana buga tebur da yatsa, har ka gina masa baiti nasa mai faɗin ƙofa. Ranar na lura cewa sunan kowace mace a Bauchi yana iya fita daga bakinka, ban da guda ɗaya. Matthias da Nkemdirim sun zo gaisuwar rasuwarka tare, da furfurarsu, da jikansu a hannu. Ya tsaya a gaban Modibbo zai yi magana, sai baitin ne ya fito masa, ya kasa ƙarasawa.

Ni ma ta ƙofarka na shiga wannan sana'a. Na ɗauki waƙar damina na sa sunan wata Kubura na kai mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ai wannan ce aka karanta wa ƙawarta shekaranjiya, in ina son ta in je in yi tawa. Na koma na yi tawa, ta fito a karkace kamar ɗan akuyan da aka haifa yau, ka zauna ka miƙe mata ƙafafu ba ka yi mini dariya ba. Kubura ta auri wani ta tafi Azare, ta bar ni da alƙalami, har yau ban ajiye ba. Kai kuwa da aka ɗaura maka aure da 'yar tela, ka ajiye naka. Na yi ta yi maka tsiya shekara da shekaru, ina cewa ka binne baiwar da Allah Ya ba ka. Amsarka ɗaya ce kullum: ƙishirwa ce ta sa ka waƙa, kuma ka sha ruwa. Ban taɓa yarda da wannan amsa ba.

To, ga abin da ya faru a zaman makokinka. A cikin gida, wajen mata, wata baiwar Allah daga unguwar GRA, wadda mijinta abokinmu ne kuma ya riga ka tafiya, tana ba matarka haƙuri, sai ta ce ita ma abin da ke sanyaya mata zuciya shi ne waƙar da marigayi mijinta ya yi mata suna samari. Ta karanta waƙar damina daga farko har ƙarshe, da sunanta a tsakiya, tana hawaye. Matarka ta saurara, ta ce Allah Ya ji ƙansa. Mas'uda ce ta kasa haƙura. Ta same ni a waje idonta ja, ta ce, "Baffa, a gaban Mama fa. Waƙarta, a gidanta, a makokin mijinta, da sunan wata." Ta ce duk garin nan an kira kowace mace da waƙar nan ban da mai ita, kuma in dai ni aminin mahaifinta ne, in buga littafin in sa sunan a kowane gurbi, kowa ya sani.

Na ga gaskiyarta. Na tafi wurin Modibbo, ya saurare ni yana jan carbi. Ya ce bugawa dai a buga, ba ya hanawa, ko da yake shi bai ga abin da mutum mai 'ya'ya da jikoki zai yi da waƙar samartaka ba. Amma suna, a'a. Ya ce abin da ƙaninsa ya rufe da bakinsa yana raye, ba za a buɗe shi yana kabari ba. In na yi haka na tuɓe masa riga a kasuwa. Na ga gaskiyarsa shi ma.

Haka na yi ta kai da kawowa. Na buga waƙoƙin a shagon ɗan Matthias da suna a ciki, na karanta, na ji kamar na leƙa ɗakin da ba nawa ba. Na sa aka cire, na karanta, sai fuskar Mas'uda ta tsaya mini. Na fara wannan ta'aziyya na yage, na sake farawa na yage. Matata ta ce tun da aka yi rasuwar nan ban gama cin tuwo ɗaya a zaune ba. A kan hanyar Miri, a bayan ɗan acaɓa, waɗannan layuka suka zo mini, su ne kaɗai abin da na iya yi maka:

Ka tafi ka bar mini aiki
Wanda ya gagari alƙalamina,
Gurbi ɗaya a cikin baiti
Ya fi faɗin dukan waƙoƙina.

Matata ce kuma ta tambaye ni, cikin ruwan sanyi, ko a cikinmu akwai wanda ya tambayi mai sunan. Babu. Ni da Modibbo da Mas'uda mun yi ta jan abu a kan mace tana zaune a ɗaki cikin takaba, ba wanda ya ce mata me kike so.

Na nemi izinin Modibbo, ya ba ni. Ranar Juma'a bayan la'asar na tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu, Mas'uda tana zaune a dokin ƙofa. Na yi mata gaisuwa, na faɗa mata abin da 'yarta ke so da abin da yayanka ya ce. A raina na riga na shirya amsar da za ta bayar. Na ɗauka za ta ce ita ba ta taɓa damuwa ba, shirunka ya ishe ta. Har na fara ƙulla baitin da zan yabe ta da shi.

Amma sai ta ce ita ba Bafulatana ba ce, a gidansu mahaifinta da suna yake kiran mahaifiyarta, har da waƙa in yana cikin nishaɗi. Ta ce tun tana amarya take sa rai. Ta ce akwai ranar da ta ɓuya a bayan rumbu da gangan tana jin ka kana nemanta, don ta ga ko za ka kira. Ka zagaye gidan kana cewa "ke, ke", har ka aiki yaro. Ta ce ranar da jikinka ya yi tsanani ta sunkuya kusa da bakinka, ka dube ta, leɓɓanka suka motsa, sai kalmar shahada ce ta fito, ta gode wa Allah da hakan.

"Na so in ji, Malam Nasiru. Ba zan ɓoye maka ba, na so in ji. Fiye da shekara talatin ina jira."

Mas'uda ta ce to ai shi ya sa za a rubuta, Mama.

"A'a. Daga bakinsa na so. Bai faɗa ba. In ba shi ba, ba na son ji daga kowa, ko a takarda. Ku sa sunansa a bango, aikinsa ne. Wurin nan kuwa ku bar shi yadda ya bar shi."

Na fito ban san ta inda na bi ba. Na yi tafiya a ƙafa daga Miri har na hango gari, dawa ta yi kore dama da hagu, ina yi maka faɗa a zuci kamar kana gefena. Mudathir, me zai rage ka da shi in ka faɗa sau ɗaya? Kai da ka durƙusa cikin taɓo saboda saniyar wani, kai da ka faɗaɗa baiti saboda Matthias, ka kasa ba matarka kalma guda? Sai kuma in tuna da saurayin nan mai zana ƙasa da tsinke, in san cewa ba rowa ba ce, nauyi ne, kuma da ba don wannan nauyin ba da babu waƙar ko ɗaya. Har yanzu ban gama sasanta waɗannan biyun a raina ba, ban kuma sani ba ko zan gama.

Amma gardama ta ƙare. Littafin zai fito da sunanka a bango, gurbin kuma fari kamar yadda ka miƙo mini shi. Mas'uda ta yi kuka ta amince. Modibbo da na faɗa masa abin da matar ƙaninsa ta ce, ya ajiye carbinsa, ya daɗe yana kallon ƙofar cikin gidansa. Ga 'yan'uwanmu mata da aka kai wa waɗannan baitoci da sunayensu a ciki, ina roƙon kada ranku ya ɓaci in kun ga littafin. Wanda ya ɗauko waƙa ya tako har zaurenku, shi ma so ne ya aiko shi, kuma mai waƙar bai taɓa jin haushi ba.

Ya Allah, ga bawanKa Mudathir ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa tausayin da ya yi wa dabbobi marasa baki, da marayun da ya riƙa, da maƙwabtan da ya shayar, su zame masa inuwa ranar da babu wata inuwa sai taKa. Ka karɓi shahadar da ya cika da ita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Modibbo da sauran 'yan'uwa na Miri da na ruga, ga Mas'uda da ƙannenta da marayun da suka tashi a ɗakinsa, ga surukansa na Wunti, ga abokan aikinsa, ga Matthias da iyalinsa, da dukan makiyayan da suka yi rashin mai amsa kiransu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma uwar 'ya'yansa, na kiyaye umarninki, ban rubuta ba ko a nan. Allah Ya ba ki juriyar takaba da ta bayanta. Allah Ya haɗa ku a Aljannar Firdausi, inda babu nauyin da zai riƙe harshe, ya kira ki da bakinsa, ki amsa.

Amin.

Nasiruddeen, Wunti, Bauchi.